Bayanin Hanyar Gane Aibin Wuta A Akwatin Ban Ruwa Da Bawul Ɗinsa

 Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, darasin wannan fitowa a kan wani kaya ne da ya fara ratsa hannuwanmu, wato akwatin ban ruwa mai agogo, da bawul ɗin da yake buɗewa da wuta. Asalinsa kayan Amurka ne, inda gidaje ke da filin ciyawar ado, ana binne bututu a ƙasa, agogo ya riƙa sakin ruwa da kansa. Manyan masu ƙera shi su ne Rain Bird, wanda aka kafa a 1933, da Hunter, wanda aka kafa a 1981, dukansu a Kalifoniya, sai Toro da wasunsu. Yau ana samunsa a manyan gidaje da otal-otal da lambunan zamani a ƙasarmu, sabo da na gwanjo. Dillalin gida yana gamuwa da shi in ya zo sayar da gida mai lambu. Mai kayan gwanjo yana gamuwa da shi a cikin kwali. Ɗan kasuwar da ya zuba jari a lambu yana gamuwa da shi ranar da shuka ta fara yaushi.

To, abin da ke cin kuɗin mutane shi ne da zarar ruwa ya ƙi fita sai a ce akwati ya mutu, a je a sayo sabo, a ɗaura, ruwa ya sake ƙin fita. Alhali sau da yawa ciwon yana can ƙasa, a mahaɗar waya ko a koyil ɗin bawul, abin da kuɗinsa bai kai kusa da na akwati ba. Mu masu hatsi ba mu yanke wa buhu farashi sai mun soka masa ƙarfe mun ga ƙwaya. Haka wannan kaya, ba a yanke masa hukunci sai an auna, kuma awon yana da jeri, daga sama zuwa ƙasa.

Fasali na farko: sanin gaɓoɓin kayan

Gaɓoɓi huɗu ne. Na farko taransfoma, ita ce ke karɓar wutar gida ta sauko da ita zuwa bolt 24. Wani akwatin tana cikinsa, wani kuwa tana waje a jikin filogi. Na biyu akwati, shi ne mai agogo, aikinsa kawai ya tura wannan bolt 24 zuwa layin da lokacinsa ya yi. Na uku waya. Kowane bawul yana da wayarsa ta kansa, wadda ke ɗaure a kusa mai lamba 1 ko 2 ko 3, sa'an nan akwai waya guda da duk bawuloli suka yi tarayya a kanta, a al'ada fara ce, tana ɗaure a kusa mai harafin C ko COM. Wannan ita za mu riƙa kira wayar tarayya. Na huɗu bawul, da koyil a bisa kansa mai waya biyu, wanda a takardun kamfani ake kira solenoyid.

Ku fahimci yadda bawul ke buɗewa, domin a nan ake yawan ruɗewa. A cikinsa akwai faifan roba da ke toshe hanyar ruwa. Ruwan da ya taru a saman robar shi ke danne ta. In wuta ta shiga koyil sai ya zama maganaɗisu, ya ja wani ɗan ƙarfe sama, wata 'yar ƙaramar kafa ta buɗe, ruwan saman robar ya zurare, sai ruwan ƙasa ya ɗaga ta ya wuce. Ke nan wuta 'yar kafa kawai take buɗewa, ƙarfin ruwa ne ke ɗaga robar. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Kayan aikin da ake bukata mitar gwaji ce irin ta masu gyaran rediyo, da sukudireba, da filaya. Wuri biyu za a yi amfani da su a jikin mitar. Ɗaya mai harafin V da 'yar alama a lanƙwashe kamar maciji, shi ne na awon wutar gida da ta taransfoma. Ɗayan mai alama kamar sawun kofaton doki, shi ne na awon om, wato yadda hanya take da sauƙi ko wuya ga wuta. Kuma ga gargaɗi. Ɓangaren bolt 24 ba ya da haɗari kamar wutar gida, amma ɓangaren da wutar gida ke shiga yana kisa, balle wurin da ƙasa ke jiƙe. Wannan ɓangaren a bar wa mai gyaran wuta.

Fasali na biyu: ciwon na ruwa ne ko na wuta

Kafin a taɓa mita, a je wurin bawul. A kama koyil a murɗa shi hagu kamar rubu'in zagaye, ko a sassauta 'yar kusar da ke saman bawul. Wannan shi ne buɗe bawul da hannu. In ruwa ya fita da ƙarfinsa, to ɓangaren ruwa lafiya lau, ciwon na wuta ne, sai a mayar a ɗaure a ci gaba da awo. In kuwa bai fita ba ko da hannu, to kada a wahalar da akwati. A duba ko an rufe babban famfo, ko tanki ya ƙare, ko an ɗaure hannun rage ruwa da ke saman bawul har ƙasa, ko an ɗaura bawul a juye, domin akwai kibiya a jikinsa mai nuna inda ruwa zai bi.

A nan akwai mas'alar da ta shafe mu musamman. Irin wannan bawul yana bukatar ƙarfin ruwa na bar 1 zuwa bar 1 da rabi, gwargwadon kamfani, kafin ya yi aiki sosai. Bar 1 kuwa daidai yake da tudun ruwa na kimanin mita 10. Tankunanmu na gida da ake ɗorawa a kan ƙarfe mai tsawon mita 5, rabin bar kawai suke bayarwa. Sai a ji koyil yana ƙas, wuta ta isa, amma ruwa sai tsiyaya, ko bawul ya buɗe ya ƙi rufewa. Wannan ba aibin kaya ba ne. Maganinsa ƙaramin injin ƙara wa ruwa ƙarfi, ko a nemi bawul ɗin da aka ƙera domin ruwa marar ƙarfi. Dillalin da ya san wannan ba za a dawo masa da kaya mai lafiya a ce ya yi algus ba.

Fasali na uku: ƙidaya layukan da suka mutu

A kunna layuka ɗaya bayan ɗaya daga akwati, a rubuta wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ƙidaya ita ke nuna inda za a dosa.

In duka layuka sun mutu, to a nemi abin da suka yi tarayya a kansa. Taransfoma ce, ko fis, ko wayar tarayya ta kwance daga kusarta ko ta tsinke kusa da akwati. Ko kuma babban bawul na bakin hanya, in akwai shi, wanda wayarsa ke kusa mai MV ko P. Ko na'urar jin ruwan sama, wadda aikinta ta hana ban ruwa in an yi ruwa. In ta lalace, ko an cire ta ba a mayar da 'yar wayar da ke haɗa kusoshinta biyu ba, akwati zai ɗauka kullum damina ce ya ƙi sakin ruwa. Wannan yana yawan faruwa a kayan gwanjo da aka ɓalle daga bango da gaggawa.

In layi ɗaya ne ya mutu, ciwon yana ɗaya daga wuri uku: kusar wannan layi a akwati, ko wayarsa, ko koyil ɗinsa. In kuwa na kusa suna yi, na nesa duka sun mutu, to wayar tarayya ta tsinke tsakanin bawul na ƙarshe mai aiki da na farkon da ya mutu. Can za a tona, ba duk lambu ba.

Fasali na huɗu: awon bolt

A sa mita a kan V mai lanƙwasa. A fara da kusoshi biyu da wayar taransfoma ke shiga, galibi an rubuta 24VAC a wurin. Lafiyayyiya tana nuna daga 24 zuwa 28. In ba ta nuna komai ba, a tabbata akwai wuta a soket, a gwada shi da fitila ko cajar waya. In akwai wuta a soket babu a bakin taransfoma, to ita ce ta ƙone, kuma ita kaɗai za a canza.

Ku lura da wannan ƙwarai, ya masu kayan gwanjo. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu a Najeriya 230 ce, ta Nijar 220, suna kaɗawa sau 50. Akwatin da aka yi domin Amurka, in aka soka taransfomarsa a soket ɗinmu kai tsaye, za ta ƙone. Saboda haka a karanta rubutun jikinta kafin a soka. In an ga 120V, a nemo taransfoma mai karɓar 230 ta ba da 24, kuma ƙarfinta kada ya gaza abin da aka rubuta a jikin tsohuwar. Kada a musanya ta da cajar kwamfuta ko wutar batir don an ga lamba 24 a jiki, domin wannan wuta ce mai tafiya hanya ɗaya, akwatin kuwa mai kaɗawa yake so, koyil yana iya zafi ya ƙone. Har wa yau, tsofaffin akwatuna masu agogon inji da kaɗawar wuta suke ƙidayar lokaci. Wanda aka yi domin 60, in ya sha 50, kowace awa minti 50 zai ƙidaya, ya riƙa makara.

In taransfoma lafiya, a kunna layin da ya mutu daga akwati, a ɗora tsinken mita ɗaya a kusar C, ɗaya a kusar layin. In ya nuna wajen 24, akwati ya sauke nauyinsa, ciwon yana waje. In bai nuna ba, a cire wayar layin daga kusar a sake aunawa. In wuta ta dawo bayan an cire waya, to wayar ko koyil ne ke da gajeriyar hanya, akwati yana kare kansa ne. Na zamani sukan rubuta ERR ko makamancinsa a fuska, tsofaffi kuwa fis ke tsinkewa. Kada a ɗaure fis da zaren waya ko takardar sigari, domin fis ɗin shi ya tsare taransfoma. In kuwa an cire waya kusar ba ta ba da komai ba, alhali sauran suna bayarwa, to wannan kusa ce ta mutu. Ko a nan ba lalle a sayi akwati ba, in akwai kusar da ba a amfani da ita sai a mayar da wayar can a gyara tsarin lokaci.

Wanda ba shi da mita yana iya musaya. Ya ɗauke wayar layin da ya mutu ya ɗaura a kusar layi mai aiki. In ruwa ya fita, kusar farko ce ke da ciwo. In bai fita ba, ciwon ya bi wayar, ke nan yana waje.

Fasali na biyar: awon om

Wannan shi ne zuciyar darasin. A zare filogi tukuna, domin ba a auna om da wuta a jiki. A kwance wayar tarayya daga kusarta. A mayar da mita kan sawun kofato. Tsinke ɗaya a wayar tarayya, ɗaya a wayar layi, a bi su ɗaya ɗaya a rubuta.

Daga om 20 zuwa 60, hanya lafiya, waya da koyil duka.
Ƙasa da 20 sosai, gajeriyar hanya, ko koyil ya narke a ciki ko wayoyi biyu sun haɗu.
Sama da 60 sosai, mahaɗa ta yi tsatsa ko waya ta kusa tsinkewa.
In mita ta nuna OL ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, hanya a yanke take.

Misali, lambu mai layi huɗu. Na farko ya nuna 41, na biyu 43, na uku 190, na huɗu 6. Na farko da na biyu lafiya. Na uku mahaɗarsa za a nema. Na huɗu shi ne mai tsinka fis. Kwatanta layi da ɗan'uwansa ya fi dogaro da lamba, domin kowane kamfani da awon koyil ɗinsa.

Abu biyu suna iya yaudarar mai awo. In bawul biyu suna kan waya ɗaya, mita za ta nuna kamar rabin awon guda, wannan ba ciwo ba ne. Sa'an nan akwai akwatuna masu aiki da batir mai bolt 9, waɗanda ba su shan wutar gida. Koyil ɗinsu daban ne, om ɗinsa kaɗan ne tun asali, wayoyinsa ja da baƙa, kowace da wurinta. Ba ya aiki a akwatin bolt 24, na bolt 24 ma ba ya aiki a nasu. Kada mai saye ya haɗa su a buhu ɗaya don ya ga kamarsu ɗaya.

Fasali na shida: raba waya da koyil

In awo ya nuna ciwo a layi, a je wurin bawul, a kwance wayoyin koyil biyu daga mahaɗa, a auna koyil shi kaɗai. In ya nuna abin da aka gani a akwati, shi ne marar lafiya. A rufe ruwa, a murɗo shi, a kula kada ɗan ƙarfen ciki da sifirin ɗinsa su faɗi a ƙasa, a sa irinsa na kamfaninsa, domin zaren murɗin kamfanoni ba ɗaya ba ne. In kuwa ya nuna 20 zuwa 60, koyil lafiya, saura waya.

Gwajin waya kashi biyu ne. A bar bakin wayoyin biyu a rabe a wurin bawul, a koma akwati a auna tsakaninsu. Ya kamata a ga OL. In an ga lamba, sun haɗu a wani wuri a ƙasa. Sa'an nan a murɗe bakinsu tare a wurin bawul a sake aunawa. Ya kamata a ga om kaɗan ƙwarai. In an ga OL, ɗaya ta tsinke. Kafin a tona, a tambayi mai kula da lambu inda aka yi sara da fartanya ko diga a 'yan kwanakin nan, ko inda aka dasa itace, ko ramin gafiya. Matambayi ba ya ɓata. Kuma a duba ko igiyar wayar tana da zare da ba a yi amfani da shi ba, in akwai sai a koma kansa, an huta da tono.

Mahaɗa ita ce uwar ciwo. Ramin bawul kullum a jiƙe yake, wayar da aka murɗe aka naɗe da baƙin tef ruwa zai shige ta, jan ƙarfen ya yi kore, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Alamarsa koyil ya riƙa ƙugi ko kakkarwa bai buɗe ba, ko yau ya yi gobe ya ƙi. A yanke wurin da ya yi kore, a fere sabon baki, a haɗa da murfin haɗi mai maiƙo a ciki, wanda aka yi domin binnewa.

Fasali na bakwai: bawul da ya ƙi rufewa

Wannan ya fi cin dukiya, domin yana zubar da tanki cikin dare ya kuma wahalar da injin rijiya. A zare filogin akwati a jira kaɗan. In ruwa ya tsaya, daga akwati ne. Yawanci an sa masa lokutan farawa da yawa ba a sani ba, yana gamawa ya sake farawa. In ba haka ba, kusar layin ce ta lalace tana ba da wuta kullum, mita za ta nuna. In kuwa ruwa bai tsaya ba alhali babu wuta, to babu ruwan lantarki a ciki. Yashi ne ya maƙale a ƙarƙashin roba, ko robar ta yage, ko an bar koyil a sassauce. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, saboda haka matata a gaban bawul rigakafi ce, ta fi magani.

Ga kuma abin da ɗauke wuta ke jawowa. Akwati yana da ɗan batir mai riƙe masa lokaci. Wannan batir ba ya buɗe bawul, agogo kawai yake tsarewa. In ya mutu, duk sa'ad da aka ɗauke wuta agogo zai rikice, a wayi gari ana ban ruwa da tsakar rana. Kuma kada a taɓa ɗaura injin ruwa kai tsaye a jikin akwati, sai ta hanyar rile da aka yi domin haka. In hadari ya taso da tsawa, zare filogi ya fi.

Fasali na ƙarshe: abin da ya shafi ciniki

Mai sayen na gwanjo kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tafi da mitarsa. Ya karanta jikin taransfoma, ya sa a kunna akwati a gabansa, ya auna kowace kusa da C ya ga 24, ya auna kowane koyil ya ga 20 zuwa 60, ya buɗe bawul ɗaya ya duba roba. Ya shinshina cikin akwati, ƙauri ba ya ɓuya. Dillalin gida kuma ya sa a kunna layuka duka a gaban mai saye kafin a shafa fatiha.

Mai sayarwa kuwa, abin da mita ta nuna masa ya zama amana a wuyansa. Malamanmu sun karantar da mu a babin ciniki na Risala cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da ba a faɗa masa ba. Mun kuma san abin da ya zo a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a tsibin abinci ya ji danshi a ciki, ya nuna wa mai shi cewa jiƙaƙƙen a sama ya kamata ya sa shi mutane su gani. Akwati mai kusa shida da ɗaya ta mutu yana da kasuwarsa, a faɗa wa mai saye biyar ke aiki, a rage masa, ciniki ya yi albarka. Haka kuma mai gyara da ya gano mahaɗa ce ta yi tsatsa, bai halatta ya ce akwati ne don ya ci la'adar sabo ba.

Wanda ya karanta ya karanta wa ɗan'uwansa da bai samu wannan fitowa ba. Allah ya sa mu dace, ya tsare mu daga cin haram, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wallahu a'alamu.